Karatun Doka da Lafiyar Al'umma a Tafiya Ɗaya

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, ɗaurin aure a jihar Kano ya samu ƙarin sharaɗi. A Dugabau ta ƙaramar hukumar Kabo, kamar ko'ina a jihar, bayan sadaki da waliyyi da shaidu, ana son takardar asibiti mai nuna an gwada ango da amarya: cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta, da jinin sikila.

Takardar ba ta fi tafin hannu biyu ba, amma ilimi iri biyu ne ya haɗu a cikinta. Ma'aikacin lafiya ya san cewa idan namiji da mace duk AS ne, wato masu ɗauke da jinin sikila, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi ɗa mai amosanin jini. To amma wa ke da ikon ganin sakamakon? Waliyyi ne, ko liman, ko su biyun kaɗai? Idan mai gwajin ya tsegunta wa dangin ango, kafin la'asar magana ta zaga gari, aure ya fasu, yarinya ta rasa manema, wa za ta kai ƙara, kuma gaban wane alƙali? Likita bai karanci wannan ba. Lauya kuma ba lallai ne ya san bambancin mai ɗauke da jinin da mai fama da cutar ba.

Wannan giɓin ne ya sa wasu jami'o'i, musamman a Amurka, suka haɗa digirin doka da digiri na biyu a lafiyar al'umma. A can sai mutum ya gama digirin farko yake shiga karatun lauya na shekara 3, na lafiyar al'umma kuma yakan kai shekara 2. Idan aka haɗa su, wasu darussa kan yi aiki ga ɓangarorin biyu, sai a kammala galibi cikin shekara 4. Jami'o'in Georgetown da Johns Hopkins suna da irin wannan shiri na haɗin gwiwa. Ɗalibi yana koyon yadda ake bin sawun annoba da lissafin mace-mace, yana kuma koyon tsarin mulki da iyakar ikon hukuma a kan jikin mutum. Daga cikin shari'o'in da ake fara karantar da shi akwai ta Jacobson ta 1905, inda Kotun Ƙolin Amurka ta ce jiha na iya wajabta rigakafin agana.

Bakano ba ya bukatar zuwa Amurka neman misali. A 1996, lokacin da sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara wajen 200 aka sa a gwajin, kusan rabinsu aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce ko suka nakasa. Iyaye suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da Hausa sun yarda da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Daga baya ta fito cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya.

Duk wanda zai tsaya wa iyayen nan sai ya iya abu biyu. Sai ya iya rarrabe wa alƙali illar cuta da illar magani, domin sanƙarau kansa yana kisa yana kurumtarwa, wannan kuwa aikin masanin annoba ne. Sai kuma ya tabbatar da cewa gyaɗa kan uwar da ke riƙe da ɗa yana sandarewa, ba ta karatun boko, ba ta san akwai wani zaɓi ba, bai kai a kira shi yarda ba. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007. A wata ƙara daban, a Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara a New York ta ce gwada magani a kan mutum ba da izininsa ba saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa ne, a shekarar kuma aka sasanta da jihar Kano kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Kuɗin farko bai isa hannun iyalai ba sai 2011, shekara 15 bayan rasuwar yaran. Ina ganin tabon wannan al'amari yana cikin abin da ya sa mutane suka saurari masu zargi lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe.

Haɗa doka da lafiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Dattawa suna tuna duba-gari, wanda ke leƙa randa da masai, ya kuma kai maigida gaban alƙali in ya ga ƙazanta. Abin damuwa shi ne tsufan wasu dokokin: da korona ta zo a 2020, dokar killacewa ta 1926, ta zamanin Turawa, ita gwamnatin tarayya ta dogara da ita wajen kulle garuruwa.

A Najeriya tsarin karatu daban ne. Doka digirin farko ce ta shekara 5, sai Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda. Ɗan Gwarzo ko Kabo da ke son fannonin biyu zai bi su ɗaya bayan ɗaya, Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo kuma tana koyar da doka, tana ba da digiri na biyu a lafiyar al'umma. Yana ma da abin da ɗalibin Amurka ba shi da shi: zai iya karanta fiƙihun Malikiyya tare da dokar boko, don maganar gwajin aure da sirrin majiyyaci a nan ba ta yiwuwa ba tare da liman da kotun shari'a ba.

Aiki na jiransa tun daga mazaɓarsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa, ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Ana bukatar wanda zai karanta sashen dokar, ya buɗe rajistar ɗakin shan magani ya ƙirga mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu a gida, sannan ya rubuta wa hukuma yana neman bayanin kuɗin da aka turo wa mazaɓar a wannan shekara.