Motar Kara da Laka: Makarantar Farko ta Yaro

Duk wanda ya ratsa lungunan birnin Kano da damina, daga Dala zuwa Ƙofar Mata, ba zai rasa ganin yara 'yan shekara 3 zuwa 5 sun duƙufa a kan laka ba. Wannan na kafa wa motar kara taya, wancan na jan ta gwangwani cikin taɓo yana duban sawunta. Iyaye kan ce ƙazanta ce, amma ilmin halittu yana da tasa magana.

Kafin yaro ya cika shekara 6, ƙwaƙwalwarsa takan kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta baligi. A wannan lokaci murza yumɓu da soka tsinke cikin kara suna horar da tsokokin yatsu, waɗanda gobe za su riƙe alƙalami bisa allo. Masanin nan Jean Piaget ya nuna cewa da taɓawa da motsi yaro yake soma fahimtar duniya.

Sai dai ba kowace ƙasa ce ta wasa ba. Kududdufan birni, waɗanda haƙar ƙasar gini ta haifar, kan ƙunshi dodon-koɗi mai yaɗa tsargiya, ƙasar bakin kwata kuma ƙwan tsutsar ciki. A 2010, ƙura mai gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara.

Saboda haka kada a hana yaro wasa. A samo masa yumɓu mai tsabta a tsakar gida, a raba shi da gwangwani mai kaifi, a wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci.