Tatsar Nono Domin Jariri Sa'ad da Uwa Ba Ta Gida

A Ƙofar Marusa, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, muna da iyaye mata da yawa masu fita aiki: malaman makaranta, nas-nas, da ma'aikatan ofis. Sau da yawa hutun haihuwa yakan ƙare tun jariri bai cika wata shida ba. Nan ne waɗansu sukan koma ga madarar gwangwani da kwalba, ba da jimawa ba zawo ya kama yaro. Zawo kuwa yana kashe jarirai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. A shekarar 1981 ma ta kafa ƙa'idodi na hana tallar madarar gwangwani ga iyaye. Uwa mai aiki tana iya cika wannan idan ta koyi tatsa.

Ga yadda ake yi da famfon tatsar nono. Ki wanke hannu da sabulu. Ki zauna hankali kwance, ki ɗora tsumma mai ɗumi a ƙirji, ki shafa nonon a hankali, kina tunanin jaririnki, gama kwanciyar rai ita ke sa nono ya sauko. Ki sa kan nonon daidai tsakiyar mazurarin, ki fara ja sannu sannu. Idan da zafi, ki rage ƙarfin jan ko ki nemi mazurari daidai ke. Minti 15 zuwa 20 ya isa. A wurin aiki ki tatsa kamar kowace awa 3, domin gwargwadon yadda ake cire nono, haka jiki yake ƙara yin wani.

Bayan kowace tatsa, ki kwance famfon, ki wanke da ruwa da sabulu, ki bar shi ya bushe, ki kuma tafasa sassansa sau ɗaya a rana. Ki guji famfo mai ƙwallon roba irin na ƙahon keke, gama ba ya wankuwa sosai. Wadda ba ta da famfo, hannunta ya isa. Ungozomomi a Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa za su nuna mata.

Sai batun zafin garinmu. A ɗaki mai sanyi nono yakan kai awa 4, a firiji kwana 4. Amma a bazara, daga Maris zuwa Mayu, kada a jira haka. A rufe ƙoƙon, a tsaya da shi cikin kwano mai ruwan randa a inuwa, a ba jariri da wuri. Idan wuta ta ɗauke har firiji ya huce, a zubar. Kada a tafasa nono. A ɗumama shi cikin ruwan ɗumi, a bayar da ƙaramin kofi mai tsabta.

Maigida, kaka, da 'yan Zumuntar Mata, wannan aiki namu ne duka. Mu koyi ba da kofi, mu ba uwa wuri da lokaci. Mun karanta a Littafin Fitowa yadda Ubangiji ya shirya har Musa ya sha nonon mahaifiyarsa. Allah ya raya mana 'ya'yanmu cikin ƙoshin lafiya. Amin.