Sabon Maci: Wane Irin Harsashi Ya Kamata Mu Ɗora Gidajenmu A Kai?

Masu iya magana na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Idan mai karatu bai manta ba, a daren 8 ga watan Satumba na shekarar 2023 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta afka wa lardin Al Hauz na ƙasar Maroko, inda ta hallaka mutane kusan 3,000. Akasarin waɗanda suka rasu mazauna ƙauyukan tsaunin Atlas ne, waɗanda gidajensu na laka da duwatsu suka rufta musu. Duk wanda ya ga hotunan waɗannan gidaje, ya kuma san garuruwanmu irin su Sabon Maci da ke gundumar Dakoro a jihar Maraɗi, ya san cewa ginin nasu bai yi nisa da namu ba.

Alhamdulillahi, ƙasar Hausa ba ta cikin yankunan da wannan masifa ta saba addaba, domin tana nesa da wuraren da manyan faya-fayan ƙarƙashin ƙasa suke gogayya da juna. Amma kuma Afirka ta Yamma ta taɓa ɗanɗana: an yi girgizar ƙasa a birnin Akara na Gana a 1939, an yi a yankin Gawal na ƙasar Gini a watan Disamban 1983 inda ɗaruruwan mutane suka rasu, sannan ƙasa ta yi ɗan motsi a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016 da unguwar Mpape ta Abuja a 2018.

To amma abin da ke rusa gidaje a wajenmu kusan kowace shekara shi ne ruwan damina. A 2024 ambaliya ta shafi mutane sama da miliyan ɗaya a Jamhuriyar Nijar, ta yi sanadin mutuwar sama da 300, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Hatta tsohon masallacin Damagaram da aka gina tun ƙarni na 19 ya rushe a watan Satumba na wannan shekara. Abin lura a nan shi ne, dabarun harsashin da ƙasashen girgizar ƙasa suka koya da jininsu, su ne dai za su tsare gidan bawan Allah daga ɓarnar ruwa.

Darasi na farko shi ne, ƙasar wurin ce ke zaɓar harsashi. A 1964, lokacin girgizar ƙasa a birnin Nigata na Japan, dogayen benaye sun karkace, wasu suka kwanta ba tare da sun farfashe ba, saboda rairayin da ke ƙarƙashinsu ya jiƙe da ruwa, da aka jijjiga shi sai ya koma kamar kunu. Yankin Sabon Maci kuwa galibi jigawa ce. Rairayi na ɗaukar nauyin gida idan a danƙare yake, amma da zarar ruwa mai gudu ya ƙwaƙule gindin bango, sai ginin ya zauna ya tsage. Ƙasar fadama mai yumɓu ita ma da nata halin, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga bango tana saukewa.

Injiniyoyi sun kasa harsashin gida gida huɗu. Na farko shi ne dogon rami da ake haƙawa ƙarƙashin kowane bango a zuba kankare, wanda shi muka fi sani, kuma ya wadatar ga gidan ƙasa a wuri mai tauri. Na biyu shi ne na ƙafafu, inda kowane ginshiƙi yake tsayawa kan dandamalin kankarensa. Wannan yana da haɗari idan ba a ɗaure ƙafafun da juna ba, domin kowace za ta nitse yadda ta ga dama. Na uku shi ne faifan kankare guda mai ƙarafa da ake shimfiɗawa ƙarƙashin gidan baki ɗaya, wanda ya fi dacewa da ƙasa mai laushi, sai dai yana cin siminti da rodi. Na huɗu shi ne turakun kankare da ake kafawa can ƙasa har su taɓo tauri, aikin manyan benaye da gadoji ke nan.

Ga magidanci a Sabon Maci ko Kornaka, shawararmu ita ce dogon rami mai ɗamara. A haƙa har sai an wuce rairayin sama an iske ƙasa mai tauri, faɗin kankaren ya kai ninki uku na kaurin bangon. Daga nan a zagaye gidan da ɗamarar kankare mai rodi a saman harsashi, a sake yin wata a saman ƙofofi da tagogi, a kuma haɗa su da ginshiƙai a kusurwoyi. Wannan ɗauri shi ke sa gida ya motsa a matsayin abu guda, bango bai rabu da ɗan'uwansa ba.

Wanda ƙarfinsa bai wuce tubalin ƙasa ba, shi ma yana da mafita. Ya yi gindin ginin da dutse ko bulon siminti, ya ɗaga shi kamar santimita 40 sama da ƙasa, ya shimfiɗa leda mai kauri kafin ya fara jera tubali, don kada laima ta haura. Ya sa indararo dogo mai zubar da ruwa nesa da bango, ya guji gini a kan hanyar ruwa ko kan tsohon kududdufin da aka cike da shara.

Sai batun amana. Ma'aunin kankare da aka saba shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a kuma riƙa ba shi ruwa na aƙalla kwana bakwai. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta rage farashin siminti don taimaka wa waɗanda ambaliya ta rusa wa gidaje, to amma sauƙin farashi ba zai amfana ba idan magini ya rage buhu, ko maigida ya karkatar da kuɗin harsashi zuwa fenti da ƙofar ƙarfe mai ado.

Muna kira ga magajin gari da masu unguwanni da su hana yanka filaye a kwari da magudanan ruwa, su kuma shirya wa maginan gargajiya bita kafin faɗuwar damina. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyashe mu da iyalanmu, amin.