Mai gyaran garaya a ƙasar Karaye

Garaya ba ta mutuwa gaba ɗaya. Fata ce ke fara tsagewa da hunturu, tsirkiya ta tsinke, amma icen da masassaƙi ya fafe da gizago yakan daɗe fiye da mai shi, muddin gara ba ta same shi ba. A ƙauyukan Karaye da Rogo, kamar sauran ƙasar Kano, garaya kayan maharba ce da 'yan bori. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 kiɗan bori ya ja baya, na'urar sauti kuma ta karɓe filin biki, sai garayu da yawa suka koma rataye a zaure suna shan ƙura.

Mai gyara ba shi da shago. Galibi makaɗi ne da kansa, ko ɗan gidan makaɗa da ya tashi yana gani. Abin da yake fara yi shi ne ƙwanƙwasa icen da yatsa. In ya amsa, akwai aiki. In gari ya zubo daga ƙananan ramuka, ƙwari sun riga shi, sai ya gaya wa mai kaya gaskiya.

Wahalar tana wurin fata. Da can ta gada ake so, yanzu ta akuya ce a hannu. Ana jiƙa ta, a kankare gashin, a ɗaura ta da danshinta, domin bushewa ce ke ɗame ta. A nan ake gane gwani: in ya ja da yawa za ta fashe da rani, in ya sassauta kuma damina na zuwa muryar ta dushe. Sandar wuyan ta cikin fatar take ratsawa, saboda haka tsaga ɗaya da aka yi a karkace ta ɓata aikin duka. Tsirkiya biyun da igiyar fata ake ɗaure su a wuya, a riƙa turawa sama ko ƙasa har kunne ya yarda. Yau zaren kamun kifi ake sawa, wanda ba ya wuyar samu a wurin masuntan madatsar Challawa.

Masu saye iri biyu ne. Makaɗi zai karɓa ya kaɗa, ya saurara, sannan ya taya. Dillalin kayan gargajiya, mai kaiwa kasuwar Kurmi ko Abuja, tsufa yake nema, har ya fi son tsohuwar fata ko da ta yage, tunda bango za a rataya ta. Wannan cinikin yana damuna ƙwarai, domin garayar da ta tafi ta wannan hanya ba ta ƙara magana.

Ba haka abin yake ko'ina ba: a Amurka akwai wata irin 'yar garayar Turawa mai tsirkiya takwas, mandolin, wadda Lloyd Loar ya sa wa hannu a kamfanin Gibson tsakanin 1922 da 1924. Takardar da ke manne a cikinta, mai ɗauke da sunansa da kwanan wata, tana cikin abin da ke kai kuɗinta sama da dala 100,000. Garayarmu ba ta da takarda. Wanda ya sassaƙa ta, da maharbin da aka yi wa kirari da ita, duk a bakin mai gyara suke, kuma dillali ba ya tambaya.