Abin da finafinan Cainis da na ban tsoro suka bar mini

Makon jiya wani uba ya same ni a bakin aji, ransa a ɓace. Ɗansa ya goce a hannu wajen kwaikwayon wani tsalle da ya gani a waya. Ya ce, "Malam, ku hana su kallon faɗan nan mana." Na ba shi haƙuri, amma ban iya yi masa alkawari ba, domin ni kaina a gaban irin waɗannan finafinai na girma.

Nan Touboro ba silima muka sani ba. Silima sai Garwa, ita ma labarinta muke ji a bakin yayyenmu, kuma zuwa farkon 2009 manyan gidajen silima na ƙarshe a Kamaru, irin su Abbia ta Yawunde da Wouri ta Duwala, duk sun rufe. Abin da muke da shi shi ne ɗakin bidiyo: rumfar zana, benci, talabijin ɗaya da janareto mai tari. In kuɗin auduga ya shigo gari, sai ka rasa wurin zama. Kaset ɗin duk da Faransanci suke magana, mu kuwa lokacin Faransancinmu bai wuce gaisuwa ba. Abu biyu kawai muke tambaya: wane ne akta, wane ne shef bandi?

Bruce Lee ya rasu a Hong Kong a Yulin 1973 yana da shekara 32, tun ba a haife mu ba, amma a unguwarmu kamar jiya ya bar gari. Mun kalli Enter the Dragon, wanda muka sani da suna Opération Dragon, har kaset ɗin ya fara ruwa-ruwa. Jackie Chan kuma ya ba mu dariya a Drunken Master na 1978, ko da yake kakata ta ce ba ta ga abin burgewa ba a jarumin da sai ya sha giya yake iya faɗa.

Wanda ya zauna mini a rai shi ne The 36th Chamber of Shaolin, shi ma na 1978, wanda Lau Kar-leung ya ba da umarni, Gordon Liu ya fito a matsayin San Te. Yaro ne ɗalibi da azzaluman mahukunta suka hallaka danginsa, ya gudu gidan ibadar Shaolin don ya koyi faɗa. Me aka fara ba shi? Tsintsiya. Daga nan aka ce ba zai ci abinci ba sai ya tsallake ruwa a kan itatuwan da ke yawo a kai. Ya yi ta faɗawa ciki. Sai ɗaukar bokitan ruwa da wuƙaƙe ɗaure a damatsansa, in hannu ya sauko ya soki haƙarƙarinsa. Sai buga ƙararrawa da doguwar sanda mai nauyi a kai, har wuyan hannu ya kumbura. Tsakiyar fim ɗin gaba ɗaya a nan ta ƙare. Ni da nake tashi da asuba in wanke allo, in sake rubuta abin da na kasa haddacewa jiya, ban buƙaci fassara ba. Kuma da San Te ya gama, abin da ya roƙa shi ne a bar shi ya koyar da mutanen gari. Ban ce shi ya kai ni makarantar horon malamai ba, amma dai na tuna da shi ranar da na fara riƙe alli.

Finafinan ban tsoro kuwa sai dare ya yi ake saka su, an ce ba na yara ba ne, mu kuma mu laɓe a jikin zana. 'Yan uwanmu na Najeriya na ce musu "fim ɗin horo", sunan da ke ba ni dariya, don ni ban ga horon da suka yi mini ba sai hana ni fita fitsari da dare. Evil Dead na 1981, inda wasu ɗalibai biyar suka kunna wani kaset a bukkar daji suka taso da aljanu, ya sa na yi gudu daga kasuwa har gida ina karanta Ayatul Kursiyyu ina haɗa ta da Falaƙi da Nasi. Yau in na kalle shi, fenti da roba nake gani. The Exorcist na 1973 ne har yanzu ba na so, don yarinyar da aljani ya shiga ba baƙon labari ba ne a wurinmu, mun sha ganin ana kai irinta wurin ruƙiya.

Yaran ajina ba sa kallon fim, guntaye suke kalla. Minti ɗaya a TikTok ko WhatsApp: naushi, tsalle, jini, shi ke nan. An yanke tsintsiyar da bokitin, an bar musu dukan kawai. Shi ya sa ranar Asabar na tara su a zauren gidanmu, da izinin iyayensu, na kunna musu fim ɗin San Te a kwamfutata daga farko har ƙarshe. Minti ashirin na farko sun yi ta mutsu-mutsu suna tambayar yaushe za a fara faɗa. Da aka zo wurin bokitai, ɗakin ya yi tsit. Mai gocewar hannun, yana rungume da ɗaurinsa, ya juyo ya ce, "Malam, wai shekara nawa ya yi yana wannan?"