Hattara Wajen Rubutu a Ƙwaƙwalwar Ƙananan Na'urori

A Fagam da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, injin rijiyar burtsatse mai amfani da hasken rana yana da wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ke sarrafa shi. Umarninta kuwa a ajiye yake cikin ma'adanar filash, wadda Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya bayyana a 1984. Ma'adanar ba ta mantuwa ko da wuta ta ɗauke, amma tana da sharuɗɗa.

Na farko, sai an goge shafi ɗungum kafin a sāke rubutu a kansa. Idan ƙarfin wuta ya faɗi tsakanin gogewa da rubutu, umarni ya gurɓace, inji ya tsaya, unguwa ta kwana ba ruwa. Saboda haka lalle ne a kunna mai gadin ƙarfin wuta. A ATmega328P ana iya saita shi a bolt 2.7 ko 4.3, ya dakatar da na'ura har wuta ta daidaita.

Na biyu, gogewa sau 10,000 kurum aka lamunce wa kowane shafi.

Na uku, duk sa'ad da na'ura ta farfaɗo, ta bar inji a kashe tukuna, sai ta binciki dalilin tsayawarta.