Idan Shaf Ɗin Baya Ya Ƙi Fita: Abin da Ya Kamata Mai Tsohuwar Mota Ya Sani

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Gaya zuwa Wudil ranar Juma'a, ranar da kasuwa ke ci, ya san wannan ƙara. Daga ƙarƙashin kujerar baya take tasowa, gurnani ne kamar na injin niƙa daga nesa, mota na ƙara gudu yana ƙara ƙarfi. Direba kan ce taya ce ta cinye. Sau da yawa kuwa taya lafiyarta lau, boris ne ya gaji.

Maganar ta shafi motocin da ƙafafun baya ke tura su: Fijo 504 akori-kura da doguwarta, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Fijo ta Kaduna da ta fara aiki a 1975, da tsohuwar Hilux, da Hayis. Golf da Sharon da gaba suke ja, nasu tsarin daban ne. Idan ka leƙa ƙarƙashin akori-kura za ka ga dogon bututun ƙarfe mai ƙullutu kamar tulu a tsakiya. Shi ne aksul. Cikin tulun giyoyi ne ke juyawa a cikin mai. Daga kowane gefe kuma sandar ƙarfe ce, wato shaf, kanta ɗaya mai haƙora ya shige cikin giyoyin, ɗaya kan mai faifai shi ake ɗaura wa taya. A bakin bututun boris yake zaune, kuma duk buhun gero ko gyaɗa da aka ɗora, a kansa nauyin ke ƙarewa.

Lodi na kashe boris, amma a wajenmu ruwa ya fi ɓarna. Mota ta taso daga ƙauyukan Ajingi da damina, aksul ya ɗau zafi, sai ta faɗa kududdufi. Ƙarfen ya huce nan take, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙi ruwa ta tsohon sil ko ta ɗan ƙaramin hancin da yake numfashi da shi a saman bututun. Rani ya zo, yashi ya bi ta hanyar da ruwa ya buɗe. Shekara ta zagayo, tsatsa ta haɗe bayan boris da bakin bututu sun zama abu guda. Ranar da aka zo canji, a kwance komai, a ja shaf, ya ce bai san zancen ba.

A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ta boris tsada. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon yaron shago ya ɗaga babbar guduma zai sauke ta a kan faifan shaf. Maigidansa ya riƙe masa hannu, ya ce, "Kai yaro, ajiye. Je ka kawo kananzir." Wannan bakanike ya san aikinsa. Faifan da ya sha guduma yakan karkace, ko da ido bai gani ba, daga nan taya ba za ta sake juyawa daidai ba, sabon boris ɗin ma ba zai daɗe ba.

Kafin a taɓa komai, a tare ƙafafun gaba da dutse ko gungume, a ɗaga bayan motar, a zaunar da ita a kan ƙafar ƙarfe ko katako mai ƙwari. Kada a yarda da jak shi kaɗai, kada a yarda da bulon siminti, domin aikin na fizga ne, motar za ta girgiza. A cire taya da diram ɗin birki. A bayan farantin da ke riƙe da lainin birki akwai notuna, galibi huɗu ne, su ke tsare da shaf. A motoci irin su Hilux sai an kwance bututun man birki da wayar hambirki, don farantin tare da shaf yake fitowa. A tabbata dai babu sauran abin da ke riƙe da shi. Wasu motocin, musamman na Amurka, ɗan ƙarfe ne mai siffar kofaton doki ke kulle shaf daga cikin tulun. Idan ba a buɗe murfin an zare shi ba, ko kwana za a yi ana ja ba zai fito ba.

Daga nan sai jiƙo. A fesa man warware tsatsa irin WD-40, ko kananzir, a zagaye bakin bututun, a bar shi ya ratsa. In da hali ya kwana. Ana iya ɗan bubbuga gefen bututun a hankali don tsatsar ta saki.

Shaf fizgo shi ake yi waje, a miƙe. Akwai gudumar da aka yi don haka, mai zamewa a kan sanda, ana ɗaura ta a kusoshin taya. Inda babu ita, tsofaffin makanikai na da dabara mai kyau: su juya diram ɗin birki ta baya, su mayar da shi kan kusoshin, su ɗaura notuna uku sako-sako yadda zai riƙa kai-komo. Sai a kama shi da hannu biyu, a tura ciki, a fizgo da ƙarfi. Nauyin diram ɗin ne ke bugun notunan daga ciki. Sau goma, sau ashirin, sai ka ji wani ƙas, ka ga jan garin tsatsa na zuba ƙasa. Ya saki ke nan. In ya ci gaba da taurin kai, a gasa bakin bututun kaɗan don ya buɗa, bututun kawai, ban da shaf. A tuna tankin fetur na nan kusa, a goge kananzir ɗin da aka fesa, a ajiye bokitin yashi a gefe.

Mutanen Gaya ba baƙi ba ne a harkar ƙarfe. Tarihi ya nuna Abagayawa, maƙeran da suka je Dala neman tama, daga nan suka fito. Kowane maƙeri ya san ƙarfen da aka gasa ya yi ja ba ya komawa yadda yake. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an kunna wutar walda ana yanke tsohon boris a jikin shaf. Aikin zai yi sauri, amma wurin da wutar ta lasa ya rasa ƙwarinsa, kuma nan ne daidai inda nauyin mota ke sauka. Irin wannan shaf yana iya karyewa a kan titi, taya ta fice da diram ɗinta, birki ya tafi, ga mota cike da mutane.

Abin da ya dace shi ne a goge zoben da ke tsare boris ɗin da dutsen injin har ya yi siriri, a tsaga shi da kurfi, sannan a kai shaf wajen masu injin matsi su zare tsohon boris su danna sabo. Matsin a kan zoben cikin boris ake yin sa. Zoben tsaro ba a maimaita shi, sil ma haka, sababbi ake sawa. A duba haƙoran shaf. Idan sun murɗe, a nemi wani. A wanke bakin bututun, a shafa giris kaɗan don na gaba ya huta. Idan man aksul ya jiƙa lainin birki, a canja shi, wanki ba ya fitar da man. Man da ya fito fari-fari kamar kunu ya sha ruwa, a zubar da shi a zuba sabon man giya lamba 90 ko wanda kamfanin motar ya ce. A ƙarshe a fitar da iska daga birki.

Wajen sayen boris, a Kofar Ruwa ko a Wudil, ka riƙe tsohon a hannu, lambarsa na rubuce a jikinsa. Jabu sun yi yawa, har da masu ɗauke da sunan Koyo da NSK, don haka ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi.

Malam direba, bayan an gama, ka yi tafiyar 'yan kilomita ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace tayar baya. Idan gefen da aka gyara ya fi ɗayan zafi sosai, ko ka ga mai na tsatsafowa, ka koma gareji kafin ka ɗauki fasinja ko ɗaya.